Motar zango

Motar zango ƙaramar mota ce mai faɗin ciki wadda aka gyara bayanta ya zama wurin kwana da ajiyar kaya, a wasu lokutan har da wurin girki, ba tare da ta daina aikinta na zirga-zirgar yau da kullum ba. Yawanci ana yin ta ne daga motocin iyali masu kujeru bakwai ko takwas, irin su Volkswagen Sharan, wadda ake kira Sharon a arewacin Najeriya, da Ford Galaxy da Toyota Sienna. Ta bambanta da manyan motocin da ake ƙerawa kamar gida, domin tana shiga lungu, ba ta shan mai da yawa, kuma ana iya mayar mata da kujerunta idan an dawo daga tafiya.

Tarihi

An fara wannan gyara ne a Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1950 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera ƙaramar bas ɗinsa, irin wadda daga baya ta zama motar haya a Legas da sunan danfo. A 1951 kamfanin Westfalia ya fito da wani akwati na katako da ake sakawa a cikin bas ɗin a ƙarshen mako, a shimfiɗa shi ya zama gado, ranar aiki kuma a cire shi. A Ingila ma, a cikin shekarun 1950, kamfanin Martin Walter na garin Folkestone ya riƙa gyara motocin Bedford da sunan Dormobile.

Motocin iyali na zamani sun zo daga baya. Kamfanin Chrysler na Amurka ya fitar da Dodge Caravan a ƙarshen 1983, Renault na Faransa ya biyo da Espace a 1984. A 1995 aka fara ƙera Sharan da Galaxy a masana'anta ɗaya a ƙasar Fotugal, Sienna kuma ta fito a Amurka a 1997. Sharan ta farko tana da kujerun baya guda biyar da ake cire kowacce ita kaɗai, abin da ya sa take da sauƙin gyara.

Yadda ake gyaran

Gyaran iri biyu ne. Akwai na wucin gadi, inda ake ɗora kayan a cire su ba tare da an huda jikin motar ba, akwai kuma na dindindin, inda ake ɗaure su da noti. Wanda zai ci gaba da kai yara makaranta ko zuwa aiki da motar ya fi zaɓar na farko.

Gado shi ne babban aiki. Ana cire kujerun layin ƙarshe, a kwantar da na tsakiya ko a cire su, sannan kafinta ya haɗa dandamali na katako mai tsawon santimita 180 zuwa 190 da faɗin kusan 120, a ɗora katifa a kai. Ƙarƙashin dandamalin ya zama ma'ajiya. Idan aka ɗaga shi da yawa, mutum ba zai iya zama a kai ba sai ya sunkuya. Idan aka yi ƙasa da shi, wurin kaya ya ragu. Kayan girki kuwa ana sa su a aljihun da ake jawowa ta ƙofar baya, domin a yi girkin a waje.

Wutar lantarki tana buƙatar batir na biyu, domin kada fanka da fitila su cinye na tayar da mota. Batir mai ƙarfin bolt 12 da amfiya 100 yana ajiye wutar da ta kai wat 1,200 na awa ɗaya, amma idan irin na dalma ne, kusan rabinta kawai ake amfani da ita don kada ya lalace da wuri. Ana cika shi daga injin motar a lokacin tafiya ko kuma da farantin sola a kan rufi.

A ƙasar Hadejia

A jihar Jigawa, kamar sauran arewacin Najeriya, Sharon da Sienna motocin haya ne, kuma mafi yawansu kwatano ne da aka shigo da su bayan sun yi aiki a Turai ko Amurka. Gyaran da aka fi sani a tashoshin Hadejia da Kafin Hausa shi ne na ƙara lodi: mai walda ya haɗa kariya a kan rufi, a ƙarfafa ƙafar baya, a ɗaure but da igiya idan kaya sun yi yawa. Duk da haka kwana a mota ba baƙon abu ba ne. Direbobi da fatake da ke bin kasuwannin mako, kamar ta dabbobi da ke ci ranar Alhamis a Maigatari, ko masu sarin kifi da shinkafa da tattasai a fadamun kogin Hadejia, sukan kwantar da kujera su kwana kusa da kayansu.

Abin da mai gyara zai yi la'akari da shi a wannan yanki ya sha bamban da na Turai, inda sanyi ne babbar damuwa. Na farko shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, kuma mota a rufe takan fi waje zafi sosai, saboda haka fanka da labule da rumfar da ake kafawa a gefe sun fi amfani a kan rufe bango da soso. Na biyu sauro ne. Dausayin Hadejia da Nguru matattarar ruwa ce, kuma duk tagar da za a bari a buɗe da dare sai an sa mata raga, ko a rataya gidan sauro a ciki, saboda zazzaɓin cizon sauro. Na uku hanya ce. Waɗannan motoci cikinsu yana kusa da ƙasa, kuma yawancinsu ƙafafun gaba ne kaɗai ke ja, don haka sukan kafe a yashi da taɓo. A watannin Agusta da Satumba kogin Hadejia yakan yi ambaliya ya yanke hanyoyi, kamar yadda ya faru a 2022, kuma yin zango a kwari ko bakin ruwa a wannan lokaci haɗari ne.

Haɗurra da doka

Kowace mota tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma kamfani yakan rubuta shi a wani ɗan allo a jikinta. Katako da batir da mutane duk suna cikin lissafin, jarkar ruwa mai lita 25 kaɗai tana ƙara kilo 25. Idan nauyi ya wuce iyaka, birki ba ya kamawa da wuri, taya takan fashe. Lodi a kan rufi kuma yana sa mota ta yi saurin kifewa a kwana. Duk abin da ba a ɗaure ba yakan yi tsalle ya bugi mutanen gaba idan aka taka birki da ƙarfi, kuma gado ba wurin zaman fasinja ba ne a lokacin tafiya, tunda ba shi da bel.

Haɗarin da ya fi muni shi ne iskar gubar da ke fita daga salansa da janareta da gawayi da murhun gas. Ba ta da launi ko wari, kuma takan kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Wannan ne dalilin da ya sa ba a kwana da inji a kunne, ba a girki ko hura gawayi a cikin mota a rufe, ko da a sanyin hunturu ne.

A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana hukunta masu lodin da ya wuce kima, jami'an duba lafiyar motoci na jihohi kuma su ne ke tantance ko mota ta cancanci hawa titi. Sanya baƙin gilashi yana buƙatar izinin 'yan sanda, shi ya sa labulen da ake cirewa da rana ya fi sauƙi ga mai son sirri da dare.