Koyon Zanen Fuska a Hannun Magabata

A ƙasashen Turai, tun ƙarnuka masu yawa, duk wanda ya ƙudurta ƙwarewa a zanen fuskar ɗan Adam da fentin mai, ba ya farawa da abin da ke ransa, sai ya zaɓi aikin wani gwani da ya shuɗe, ya lazimce shi makonni yana kwaikwayo, tamkar yadda almajiri ke bin rubutun malaminsa har hannunsa ya faɗa. Gidan tarihi na Louvre da ke birnin Faris, wanda aka buɗe a 1793, har yau yana ba masu wannan aiki izinin zama gaban zanen asali, bisa sharaɗin kada girman nasu ya zo daidai da shi, kada kuma su kwafi sa hannun mai shi, domin a toshe ƙofar ha'inci.

Daga cikin zanukan da ɗalibai suka fi ɗauka akwai na wata yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u, wanda Johannes Vermeer, mutumin Delft ta ƙasar Holan, ya yi wajen 1665, yake kuma ajiye a gidan Mauritshuis na birnin Hague. Tsawonsa bai cika rabin mita ba, kuma idan aka dube shi sama-sama sai a zaci abu ne mai sauƙi: fuska ɗaya ce ta waiwayo, da ɗankwali shuɗi da rawaya, da duhu a bayanta. Amma da zarar ɗalibi ya shafe ƙyallensa da launin toka, ya fitar da haske da inuwa da ruwan ƙasa kafin ya taɓa wani launi, kamar yadda shi gwanin ya yi, sai ya fara cin karo da abubuwan da idonsa ya rantse ya gani alhali babu su. Zai ja layin karan hanci, ya ɗaga kai ya tarar Vermeer bai ja shi ba, ya bar hancin ya narke cikin hasken kunci. Zai zagaye lu'ulu'un da kyau, sa'an nan ya gane cewa ɗigon fari ne mai kauri a sama, da wata lallausar shafa a ƙasa inda farin wuyan riga ya haska shi, ko maƙalin da ya riƙe shi a kunne ba a zana ba. A ganina wannan ita ce babbar fa'idar kwaikwayo, domin a nan ne mutum ke rarrabe abin da ya gani haƙiƙatan da abin da ya saba zato.

Sauran darasin kuwa haƙuri ne, saboda fentin da aka kwaɓa da man linsid yakan ɗauki kwanaki bai bushe ba, kuma wajibi ne shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na bisansa ya fi shi maiƙo, in ba haka ba zanen ya tsattsage bayan shekaru. Shuɗin ɗankwalin nan ma, daga wani dutse na ƙasar Afganistan aka niƙa shi, mai tsadar gaske a zamanin. Ɗalibin yau ya huta, yana samun makamancinsa a kanti.

Ba Turawa kaɗai suka bi wannan hanya ba. Aina Onabolu na Ijebu-Ode, wanda ake ƙirgawa farkon masu zanen fuska na zamani a Nijeriya, da kwafar hotunan mujallu da littattafai ya koya wa kansa, kafin ya tafi karatu Landan a 1920.

Abin da nake roƙon mai koyo shi ne, idan ya kammala, ya juya ƙyallen ya rubuta sunan wanda ya kwaikwaya kafin nasa, kamar yadda masu kwafar littattafanmu ke ambaton mawallafi kafin su ambaci kansu.