Masu Kiwon Tarwaɗa Da Na'urar Kwashe Kumfa

A 'yan shekarun nan matasanmu da dama, daga Zongon Tamale har zuwa nan Dungu a kan hanyar Kumasi, sun rungumi sana'ar kiwon tarwaɗa a cikin tankin siminti ko na tamfol a bayan gida. Sana'a ce mai rufin asiri, amma kukan masu yinta ɗaya ne, wato ruwa. Kwana biyu da zuba sabo sai ya yi wari, kifi ya daina cin abinci. Shi ya sa wasu suka fara tambayarmu game da wata na'ura da suke gani a wayoyinsu, wadda Turawa ke kira sikima, ana tallarta da cewa tana tsotse dauɗar ruwan kifi tun kafin ta ruɓe. Kafin wani ya aika kuɗinsa Ankara ko ƙasar waje, ya kamata mu san abin da aka ƙera ta dominsa.

Tun shekarun 1960 masu ajiye kifin ado a ƙasar Jamus suka fara amfani da ita. Su waɗannan mutane ba don ci suke kiwo ba. Akwatin gilashi suke cikawa da ruwan gishiri irin na teku, su zuba kifaye masu launi da murjani mai rai. Na'am, murjani, dangin wanda kakanninmu mata suke ratayawa a wuya, domin asalinsa wata halitta ce ta cikin teku, kuma dauɗa kaɗan ta isa ta kashe shi. Ita na'urar doguwar kwalba ce mai famfo. Famfon yana kaɗa ruwa da iska har su zama kumfa, maiƙo da ragowar abinci da suka narke a ruwa sai su manne a jikin ƙwayoyin iskar, kumfar ta hau sama ta zube a wani kofi, baƙa ƙirin da ita, mai gida ya ɗauka ya zubar.

Mai babban akwati idan zai saya yakan duba yawan litar ruwansa, da yawan kifin da yake ciyarwa, da wurin da zai girke ta, da kuma wutar da famfon zai sha, don ba a kashe shi dare da rana. Wadda ta yi ƙanƙanta ba za ta iya aikin ba, wadda ta yi girma fiye da kima kuma ba za ta samu dauɗar da za ta riƙe kumfa ba. Wannan lissafi nasu ne, mu kuwa tsakaninmu da teku akwai tafiyar kusan kilomita 600.

Asirin abin yana cikin gishiri. A kowace lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, shi ne yake hana ƙwayoyin iska haɗewa da juna, sai su zauna ƙanana rututu, su daɗe suna kwasar dauɗa. A ruwan daɗi kuwa nan take suke haɗewa su zama manya su fashe. Mukan nuna wa yara wannan a aji da kwalabe biyu, ɗaya da gishiri ɗaya babu, a girgiza su tare: mai gishirin za ta yi fari kamar an ɗiga mata nono, ɗayar kuwa ta washe kafin ka ajiye. Gaskiya ne ana ƙera wasu domin ruwan daɗi, amma aikinsu bai taka kara ya karya ba, kuma tarwaɗa ba za ta rayu a gishirin teku ba, balle a ce a zuba mata.

Ko da ma ta yi kumfar, ba ta taɓa babban maƙiyin mai tarwaɗa. Wannan maƙiyi shi ne amoniya, gubar da kifi yake fitarwa daga jikinsa bayan ya ci abinci, wadda ba a ganinta da ido. Masana kiwon kifi suna lissafin kimanin giram 30 daga kowane kilo ɗaya na abincin da aka zuba. Dafinta yana ƙaruwa da zafin ruwa, kuma kowa ya san Tamale a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake kai awo 40. Abin da yake yaudarar mutane shi ne taurin ran tarwaɗa. Tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska da ita daga sama, don haka takan jure ruwan da zai kashe karfasa cikin dare ɗaya. Mai ita yana ganin tana motsi, alhali ta daina girma, abincin da ya saya da tsada yana tafiya a banza.

Maganin da kowa ya sani shi ne sauya ruwa. To, a ina ruwan yake? Ruwan famfon Tamale daga Farin Volta ake jawo shi a Nawuni, a tace shi a Dalun, kuma garin ya daɗe da fin ƙarfinsa. Da rani dam ɗin ƙasa yakan ja baya ya koma taɓo, sai sayen ruwan tanka. Wanda yake zubar da rabin tankinsa kullum, ribarsa ce take bin kwata.

A ganinmu, kuɗin sikima gara a kashe su a kan duro biyu da ƙaramin famfo. Duro na farko na kwantar da dauɗa ne: ruwa ya fito daga gindin tanki ya shiga a hankali, kashin kifi ya kwanta a ƙasa, a buɗe bututu a zubar safe da yamma. Na biyu a cika shi da murafun kwalaben roba ko tsohuwar raga ko tsakuwa, ruwa ya riƙa bi ta kansu yana komawa tanki. A jikinsu ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke kama gida, suna cinye amoniya suna mayar da ita abin da ba ya cutar da kifi sosai. Sai dai suna buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin su yi ƙarfi, kuma a nan ne masu gaggawa suke faɗuwa, su cika tanki da kifi tun ranar farko. Kada kuma a wanke murafun da ruwan famfo, maganin da ke cikinsa yana kashe ƙwayoyin. A bar ruwan famfo ya kwana a buɗe kafin ya shiga wurin kifi. Idan wuta ta ɗauke na tsawon sa'o'i, a dakatar da ciyarwa har famfo ya dawo.

Ɗan ruwan da aka zubar daga duro na farko taki ne, a bi da shi ta kan ayoyo da alayyafo da kuɓewa a bayan gida. Wanda kuma yake son a auna masa ruwa kafin ya zuba 'ya'yan kifi, akwai malaman fannin kifi a Jami'ar UDS reshen Nyankpala, akwai kuma ofishin hukumar kifi a cikin Tamale. Ya tafi da ruwan tankinsa a kwalba mai tsabta, wanda ya ɗiba da sassafe kafin ya ba kifi abinci.