Mdou Moctar: Bambancin faifansa na Sakkwato da wanda ya biyo baya

A kasuwar kiɗan rock mai amo ta duniya, 'yan Afirka ƙalilan ne suka yi sunan da Mahamadou Souleymane ya yi, wato makaɗin jitar nan Ba'abzine ɗan Jamhuriyar Nijar da aka fi sani da Mdou Moctar.

Jaridun Turai da Amurka kan kwatanta shi da Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne a kiɗan jita.

Sai dai da yawa daga cikin masu sauraronsa ba su san cewa a Najeriya ya naɗi faifansa na farko ba, kuma faifan ya fi kama da waƙoƙin fina-finan Hausa a kan kiɗan da ake yi masa kirari da shi.

Faifan Sakkwato

A shekarar 2008 ne mawaƙin, wanda ya fito daga jihar Tahoua, ya tsallako iyaka zuwa Sakkwato, inda ya shiga sutudiyo ya naɗi kundin waƙoƙi mai suna Anar.

A lokacin dai kiɗan fiyano ne ke tashe a arewacin Najeriya: ganga ta na'ura, da kuma manhajar Auto-Tune mai siranta murya har ta riƙa karkarwa kamar ta ƙarfe.

Da waɗannan kayan aiki aka yi Anar. Harshen Tamashek ne, kuma ana jin jita a ƙarƙashi, amma duk wanda kunnensa ya saba da waƙoƙin nanaye zai gane gidan da faifan ya fito.

Babu wani kamfani da ya fitar da shi a wancan lokacin. Daga wayar salula zuwa wayar salula ya riƙa yawo, ta hanyar Bluetooth da memori, irin yadda masu tura waƙa a kasuwannin Dutsin-Ma ko Kurfi kan zuba wa mutum waƙoƙi ba tare da an san mai su ba.

A haka waƙoƙin suka kai arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara kaɗe-kaɗe, Christopher Kirkley, ya ci karo da waƙar Tahoultine, ya sanya ta cikin wani tarin waƙoƙin wayoyin mutanen Sahara da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar. Sai daga baya ya gano mai waƙar.

An ajiye na'ura

Faifai na biyu, Afelan, ya fito ne a 2013, kuma kusan duk abin da aka san Anar da shi an ajiye shi gefe.

Ba a sutudiyo aka naɗe shi ba. A garin Tchintabaraden aka kafa makirfo aka ɗauki kiɗan yadda yake fita, babu na'urar gyara murya, babu gangar fiyano.

Wani ɓangare nasa jita ce maras lantarki da waƙoƙi masu sanyi. Ɗaya ɓangaren kuwa jitar lantarki ce mai tsatsa da sauri, irin wadda Abzinawa ke kaɗawa a wuraren biki, inda lasifika ke ƙara har sautin ya riƙa tsagewa.

An samo sunan faifan ne daga wani gwarzo na tarihin yankin Azawak, kuma a ciki har da wata waƙa ta ƙungiyar Tinariwen ta Mali da mawaƙin ya sake rerawa, abin da ke nuna layin da ya zaɓi ya tsaya a kai.

Ta fuskar tsaftar sauti, Afelan bai kai Anar ba. Amma a cikinsa ne aka fara jin hannun makaɗin sosai, wanda a Sakkwato na'ura ta danne. Mutumin da ya koyi kiɗa da jitar da ya harhaɗa da katako da wayar birkin keke, a gidan da ba a maraba da kiɗa saboda addini, a nan ya nuna abin da ya koya.

Wanne ya fi?

Idan inda mawaƙin ya dosa ake dubawa, Afelan ne ya share hanya. Daga wannan ɓangare na lantarki ne ƙungiyarsa ta mutum huɗu ta tsiro, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun a jitar bes.

An naɗi Ilana a birnin Detroit, wanda ya fito a 2019, sannan da wannan ƙungiya aka naɗi Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 a ƙarƙashin kamfanin Matador. A nan waƙoƙin suka ƙara karkata ga siyasa, musamman rawar da Faransa ta taka a Nijar.

To amma a sabon salo, Anar ne a gaba. Jitar Abzinawa ta riga ta sami gwanaye irin su Abdallah Oumbadougou tun kafin Mdou Moctar ya fara kiɗa, alhali haɗa Tamashek da sautin sutudiyon Hausa abu ne da ba a saba ji ba. Kuma wannan sautin, wanda wasu masu ilimi a arewa ke rainawa a matsayin kiɗan yara, shi ne ya fitar da sunansa daga Azawak.

Kasuwar ƙetare dai jita ta fi so, domin ita ta sani, kuma mawaƙin bai koma wa fiyano ba a manyan faya-fayansa na baya.

Sai a 2014 ne Sahel Sounds ya buga Anar a faifan garmaho, shekara guda bayan Afelan, don haka masu saye a Turai da Amurka sun riƙe ƙanin a hannu kafin su ga wan.