Tsakanin Abin Da Yaro Ke So Da Abin Da Ya Iya

A Suki da ƙauyukanmu na bakin kogi, gardamar nan tun a sakandare take farawa, ranar da yaro zai zaɓi ɓangaren kimiyya ko na adabi. Daga baya nisba, wato makinsa na jarrabawar Shahada Sudaniyya, ita ke yanke kwalejin da zai samu.

Ɗan ƙanwata gwani ne a lissafi. Shi ke riƙe littafin bashi a shagon ubansa. Amma ransa na Kwalejin Noma ta Abu Na'ama, a Jami'ar Sinnar. Uban kuwa injiniya yake so, a Jami'ar Jazira ta Wad Madani. "Duk wannan kai, ka koma gona?"

Ni ina bayan yaron, kuma ba don tausayi ba. Gonakin ban-ruwa na Suki, auduga da gyaɗa da dawa, ai awo ne da rabon ruwa da ƙididdigar taki. Lissafinsa ba zai yi asara a can ba. Wanda nake wa tsoro shi ne mai son likitanci alhali kimiyya na ba shi kashi.

Uban dai bai amsa ba tukuna. Ya ce a fara ganin nisbar.