Yadda Taurari Suka Shata Iyakoki a Tsohuwar Amurka

Kafin Amurka ta sami 'yancin kai a 1776, da yawa daga masu nazarin taurari a can ba a jami'a suke ba. Masu ƙera agogo ne, da manoma, da safiyo masu awon fili. Abin da ya fi ɗora su a kan kallon sama kuwa shi ne rabon ƙasa.

Sarautar Ingila ta ba iyalan Calvert yankin Merilan a 1632, ta ba William Penn yankin Pensilbaniya a 1681, duk a takarda. Takardun suka ci karo, har aka shiga gardamar ko birnin Filadelfiya ma na wa ne. Kusan shekara 80 ana ja-in-ja, wani lokaci har da bindiga. Wanda ya taɓa ganin rikicin iyakar gona ya san zafin abin, balle gonar da ta kai faɗin ƙasa guda.

A 1763 aka ɗauko mutum biyu daga Ingila su raba gardama: Charles Mason, masanin taurari, da Jeremiah Dixon, safiyo. Kamfas kaɗai ba zai fisshe su ba, domin allurarsa ba ta nuna arewa tsantsa, kuma karkatar tata tana sauyawa daga wuri zuwa wuri. Don haka da dare sai su kwanta rigingine a ƙarƙashin wani dogon madubin hangen nesa da aka tsayar yana duban tsakiyar sama, su auna inda wasu sanannun taurari ke giftawa. Da wannan lissafi suke gane ko sun zame arewa ko kudu da layin. Gari na wayewa sai aikin sarƙa. Tsawonta ƙafa 66 ne, in an ja ta sau 80 an ci mil guda. Masu gatari na gaba suna sare daji, ana kafa dutse a kowace mil, a ta biyar kuma a kafa mai ɗauke da tambarin iyalan biyu. Duwatsun ma daga Ingila aka yo dakonsu.

A 1767, bayan mil 233, 'yan asalin ƙasar da ke yi musu rakiya suka ce iyakar tafiya ke nan, dole aka tsaya. Wannan waje ne da masu ba da labarin kan wuce da sauri, alhali shi ne shaidar cewa filin da ake rabawa yana da masu shi.

'Yan gida ma sun taso. Benjamin Franklin ya nuna cewa walƙiya lantarki ce, ya kuma ƙirƙiro sandar ƙarfe mai kare gini daga aradu. David Rittenhouse, maƙerin agogo, da hannunsa ya haɗa kayan da ya kalli Gamzaki yana gifta fuskar rana a ranar 3 ga Yuni, 1769, aikin da masana a sassan duniya suka haɗu a kai don auna nisan rana. Shi ma ya sha fita awon iyakoki.

A ganina, wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Benjamin Banneker, baƙar fata ɗan Merilan da aka haifa a 1731, wanda bai taɓa zama bawa ba. Karatunsa na makaranta kaɗan ne. Yana saurayi ya sassaƙa agogon katako mai buga awa. Sai da ya haura shekara 50 wani maƙwabcinsa ya ara masa littattafai da kayan awo, ya koya wa kansa lissafin kusufi. A 1791 ya shiga ayarin safiyo Andrew Ellicott da ya shata iyakar sabon babban birni, Washinton, murabba'i mai mil 10 kowane gefe. Daga 1792 zuwa 1797 an yi ta buga littafinsa na shekara-shekara mai nuna fitowar rana da wata da lokutan kusufi. Ya aika wa ɗan siyasa Thomas Jefferson kwafi da wasiƙa, yana tuhumarsa kan yadda mai cewa an halicci mutane daidai yake riƙe da bayi.

Dokar filaye ta 1785 ce ta mayar da wannan ilimi aikin gwamnati. Aka fara daga gabashin Ohayo ana yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, mil 6 kowane gefe, kowanne a kasa shi 36, kowane kashi eka 640, a sayar. Ko da mai awo bai yi kuskuren lissafi ba, akasarin filin daga hannun 'yan asalin ƙasar aka karɓe shi. Har yau da wannan tsari ake rubuta takardun fili a yawancin jihohin tsakiya da yammacin Amurka.