Ko Kun Sani? Ƙarkon Madobiya Ne Ke Neman Ƙarar Da Ita

Madobiya, wadda 'yan katako a Taraba ke kira madrid, tana cikin itatuwan da suka fi ƙarko a Afirka ta Yamma. Icenta nauyi gare shi, cikinsa ja-ja ne mai zane, gara ba ta cika yi masa lahani ba, kuma idan kafinta ya goge shi sai ya ɗau sheƙi. In an sari bawonta, wani jan ruwa mai kama da jini ne ke tsattsafowa. Wannan nagarta ta sa masu ƙera kujeru da gadaje na alfarma a ƙasar Sin suka yi mata ca, aka riƙa fitar da gungumenta cikin kwantena. Sara ya yi tsanani har a 2016 aka sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ɓacewa, ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya.

Wani zai ce hana sara tamkar toshe wa talaka hanyar abinci ne. Sai dai mai sara sau ɗaya yake karɓar kuɗi, kuma kaso mai tsoka na dillalai ne. Ita kuwa bishiyar sai ta shekara da yawa kafin ta kai munzalin katako. Tana tsaye, makiyaya na sassabo ganyenta su ba shanu idan ciyawa ta ƙare da rani, saiwarta kuma na ƙara wa ƙasa taki. Saboda haka taƙaita sara da sake dashe su suka fi kare abincin talakan.