Makullin Ɗaki a Cikin Ɗaki: Ranar da Linux Ta Kasa Ganin Faifanta

Ƙanena ya sayo sabon faifan NVMe, ɗan siriri da bai fi yatsa tsawo ba, ya kwafe duk abin da ke tsohon faifansa na SATA ya zuba a ciki. Da ya kunna kwamfutar, jerin zaɓi na GRUB, manhajar da ke tada Linux, ya fito lafiya lau, Fedora, nau'in Linux ɗinsa, ta fara tashi, sai shiru. Can sai baƙin allo, rubutu yana ta maimaita dracut-initqueue timeout. Mai gyaran da ya kai wa, kallo ɗaya ya yi ya ce, "Malam, sai dai fomatin." A cikin faifan nan kuwa akwai kundin digirin ƙanena.

Wannan hukunci ya sosa mini rai, domin ko harafi ɗaya bai ɓace ba.

Zuciyar Linux, wato kanel ɗin da Linus Torvalds ya fara a 1991, ba ta ɗauke da direban kowane irin faifai a jikinta. Yawancin direbobin an ajiye su ne daban, a kan faifan kansa. To ga inda gizo ke saƙa: sai da direba za ta karanta faifan, direban kuma yana cikin faifan. Makulli ke nan a cikin ɗakin da aka kulle. GRUB bai damu ba, shi da taimakon BIOS ko UEFI yake karantawa. Amma da zarar ya miƙa ragama, kanel sai ta tsaya da ƙafarta.

Shi ya sa ake haɗa ta da guzuri, wani ɗan ƙunshi mai suna initramfs da ke zaune a /boot. GRUB ke loda shi tare da kanel, a cikinsa akwai direbobin da za su buɗe faifan: ahci na SATA, nvme na NVMe, virtio_blk na kwamfutar da ke gudana a cikin wata kwamfutar. Fedora da danginta na Red Hat suna ɗaure wannan guzuri da manhajar dracut, kuma bisa al'ada abin da na'urar ke buƙata a ranar kaɗai suke sakawa, don ƙunshin ya yi sauƙi. Guzurin ƙanena na tafiyar SATA ne, shi kuwa ya canza hanya. Debian da tsofaffin Ubuntu sun fi yalwata hannu, saitinsu na MODULES=most yana kwaso direbobi da yawa, amma su ma sukan jefa mutum gaban alamar initramfs ta BusyBox, da ƙorafin cewa UUID kaza, wato lambar shaidar faifan, babu shi.

Kafin a taɓa komai a tabbatar. Idan a wannan baƙin allon aka duba /dev ba a ga nvme0n1 ko sda ba, kanel ce ba ta ganin faifan. A leƙa BIOS kuma, domin kwamfutoci da dama suna zuwa da saitin RAID ko Intel VMD maimakon AHCI, wanda shi kaɗai kan ɓoye faifan. Amma mai Windows a gefe ya yi hattara, sauya wannan saiti kan hana ita ma tashi.

Gyaran kansa ba dogo ba ne. A tashi kwamfutar da filashin Linux, a ɗora faifan, a shiga cikinsa da chroot. Umarnin lspci -k zai faɗi direban da ke riƙe da faifan, lsinitrd ko lsinitramfs kuma zai nuna ko yana cikin ƙunshin. Idan babu, dracut -f --regenerate-all a Fedora, update-initramfs -u -k all a Ubuntu, mkinitcpio -P a Arch. A karanta abin da umarnin ya amsa, don idan /boot ta cika, sabon ƙunshin ba zai kammalu ba.

Mu ko filashi ba mu nema ba. A ƙasan jerin GRUB na Fedora akwai zaɓin ceto, wanda ƙunshinsa ke ɗauke da direbobi birjik. Shi muka danna, ta tashi, muka sake ɗaure guzurin. Kafin a kira sallar la'asar ƙanena yana gyara babi na huɗu.